Rana Biyu a Gidan Baduku

Shekara arba'in da ɗoriya
ina zaune gindin wannan katanga,
na san inuwarta yadda na san basillata.
In ladanin Zango ya kira azahar, sai ta miƙe ƙafa,
kafin la'asar ta lulluɓe ni,
ta lulluɓe fatu, ta lulluɓe randar Cima.

Sai Alhaji Mato ya tada bene gabas da mu,
hawa huɗu, ya wuce duwatsun Birni da kai,
fuskarsa duk madubi, ko tabon siminti babu.
Ran buɗewa mun ci shinkafa, mun yi fatiha.
Washegari da la'asar
rana ta fito mana daga gabas.

Tun kakanni ɗaya muka sani a Damagaram,
kuma ita ɗayar ma ta ishe mu.
Yanzu guda tana dukan ƙeya,
guda tana marin ido.
An ce tafin hannu ba ya kare rana,
to ni da hannu biyu, wa zai riƙe mini zare?

Na kai kuka ofishin magajin gari.
Bayan kasuwar Alhamis uku
aka aiko Habsu, yarinya mai tabarau,
da wata 'yar na'ura kamar sabulun wanka,
mai farin ido guda a goshi.
Da hantsi ta zo.
Ta ɗaga, ta duba, ta ce, Baba, lafiya lau.
Na ce, ɗiyata, kin zo neman kura da rana tsaka.
Sha ruwa, ki komo in an sallame la'asar.

Ta komo, Allah ya yi mata albarka.
Tana ɗaga labulen zaure ta ja da baya,
hannu a goshi kamar mai gaida soja.
Ta aza na'urar bisa tabarmata,
lambobi suka yi ta hawa kan juna.
Ta auna bakin ɗaki, ta auna madafa,
ta ja igiya daga katanga zuwa titi,
ta tambayi wata, ta tambayi ƙarfe nawa,
ta zana bene, ta zana kibiya ta faɗo kaina.

Na ce, rubuta nawa awon kusa da naki.
Jar fatar da na rina ran Lahadi
ta koma kalar kunun tsamiya.
Ruwan randa ya zama na wankan jego.
Kaza ta bar ƙwai shida ta koma bayan murhu.
Cima na tsintar tsakuwa cikin gero
ido rufe, da yatsu, tana hawaye ba mutuwa.
Ɗinkin alabe da nake gamawa kafin magariba
yau kwana uku yana kallona.

Ta yi dariya, sannan ta daina.
Ta rubuta. Har kazar ta rubuta.

Ran Talata ta zo da Alhajin kansa.
Na shimfiɗa masa buzu daidai wurina,
ban ce uffan ba, Cima ta kawo fura.
Bai kai rabin ludayi ba
ya fara neman inda zai ajiye idonsa.
Ya ce, wallahi daga sama ba a ganin haka.
Na ce, ai mai tuƙa tuwo ba shi ne ke ƙona baki ba.

Habsu ta ce akwai baƙar leda da ake manna wa madubi,
akwai rumfar ƙarfe mai haƙarƙari,
akwai dogon yaro, in mai jira ne.
Alhaji ya tambayi jika nawa.
Ta faɗa. Ya kalli takalminsa.

Takarda dai ta hau sama, an buga mata hatimi.
Ni na rataye tsohuwar tabarma a igiyar shanya,
rana na ɓulɓulowa ta hujojinta
kamar an watsa mini dala-dala a cinya.
Jikana Ɗanjumma yana bin su yana damƙa,
ya buɗe hannu, babu komai,
ya sake damƙa.